Fenti Biyu a Bangon Ɗakin Iya

Akwai abubuwan da in sun wuce sun wuce ke nan, ko an tuna mini sai in yi ta lalube. Amma maganar fentin ɗakin surukata, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba. In na fara ba mutane labarin sukan yi dariya tun ban kai tsakiya ba, su ce, "Yanzu fenti ne abin tunawa?" Ni ma dariyar nake taya su. Sai dai ni na san abin da ya kusa kuɓuce mana a gidan nan, kuma launi biyu ne suka tsaya a tsakiyar maganar, launin da baƙo in ya kalla zai rantse ɗaya ne.

Shekarar da ruwa ya shigo unguwarmu a Haɗeja ne. Mu mutanen bakin kogi mun saba da shi, duk damina sai ya leƙo ya gaishe mu ya koma. Wannan karon bai tsaya a gaisuwa ba. Ya haura buhunan ƙasar da samari suka jera, ya biyo lungu, ya shigo tsakar gida, kuma ɗakin da ya fara nema shi ne na Iya, mahaifiyar maigidana, domin shi ne a gangare. Muka kwashe ta da 'yan kayanta muka sa a mota zuwa garin Malam Madori, gidan 'yarta, ƙanwar maigidana, wadda dukanmu muke kira Gwaggo saboda yara. Aka ce ta zauna can kafin ruwa ya janye.

Ruwa ya janye, ya bar wa bangon ɗakin tabo daidai gwiwa. Aka kankare, aka sake shafe da siminti, aka ɗaga dokin ƙofa, aka canza silin. Kaka ta yi, aka yanki shinkafar da ta tsira, sanyi ya fara shigowa. Iya ba ta dawo ba.

Bari in gaya muku matsayin Iya a wurina, don ku gane abin da ya sa zancen ya tsaya mini a rai. Ni uwata ta rasu ina ƙarama. A hannun Iya na iya miyar kuka da busasshen kifi, ita ta yi mini wankan jego na duk 'ya'yana, ita ce in na yi shirme take rufa mini asiri ta kuma ja mini kunne a ɗaka. Ni mace ce mai surutu, ban ɓoye ba, kuma ba na fita ko'ina. Duk zancen da na tara tun safe a ƙofar ɗakinta nake juye shi, tana kaɗa kai tana ɗinkin hularta, can ta ce, "Ke dai 'yar nan, bakinki ba ya ciwo?" Da ta tafi, sai na koma yi wa kaji magana.

To amma ga inda matsalar take. Maigidana ɗan farinta ne, Iya kuwa irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda na shigo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, in ta ji daɗi ta ce "mai gidanki". In ya zo gaishe ta da safe, sai ta juya fuska wajen bango ta amsa a taƙaice. Ko ashana ba ta taɓa cewa ya sayo mata ba. Shi ma haka. Mutumin da in yana ciniki a kasuwar shinkafa daga wancan layin ana jin muryarsa, da ya durƙusa a ƙofar Iya sai gaisuwa kawai, ita ma ƙasa-ƙasa. Saboda haka shi bai iya buɗe baki ya ce, "Iya, ki dawo gida" ba, ita kuma ko za a yanka ta ba za ta aiko ta ce ɗan farinta ya zo ya ɗauke ta ba. Gwaggo kuwa abin ya yi mata daɗi, ta samu uwarta a gefenta. Duk wanda ya je sai ta ce, "Ai Iya ta fi jin daɗin nan, ƙasarmu tudu ce, ba sauro."

Da maigidana ya rasa bakin magana, sai ya tafi neman fenti. Da can farar ƙasa muke shafa wa ɗakin duk shekara. Ya ce wannan karon fenti na gaske za a yi, irin wanda ake gogewa da tsumma. Ya kawo mai fenti, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a garin har harshensa ya koma irin namu. Mutumin ya buɗe ƙananan gwangwanaye biyu, ya shafa ɗaya a bangon da ke fuskantar taga, ya matsa kaɗan ya shafa ɗayan a gefensa, kowanne faɗin faifai.

Na leƙa na ce, "Baba mai fenti, ina na biyun?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ga su nan biyu a gabanki. Ki bari su bushe. Kuma kada ku yanke hukunci yau. Ku kalla da safe, ku kalla da rana, ku kalla in rana ta yi sanyi. Fenti kamar mutum yake, sai an zauna da shi."

Da suka bushe na fara ganin abin da yake nufi. Duka biyun farare ne da ba su kai fari ba. Amma na dama yana da ɗan ja-ja can ciki, kamar madarar da aka dafa ta kwana. Na hagu kuwa yana da ɗan toka-toka, sak garin gero in an tankaɗe shi. Nan take muka raɗa musu suna, mai madara da mai gero. Da hantsi mai madara ya fi haske, har yana kashe ido, mai gero ya yi laƙwas kamar mara lafiya. Da la'asar sai su yi musanya: mai madara ya koma rawaya-rawaya kamar tsohon zane, mai gero ya yi wani irin sanyi mai daɗin kallo.

Allah sarki, maigidana. Mutumin da rigarsa ma ni nake zaɓa masa, sai ga shi ya dawo daga masallaci da asuba ya ja kujera 'yar tsuguno ya zauna yana jiran rana ta fito a kan bango. Ya dawo kasuwa, ko takalmi bai cire ba sai ɗakin Iya. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya rufe ido ɗaya. Na ce, "Malam, in kallo na cinye fenti, da yanzu ka kai ga siminti." Bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Ɗakinta ne, ita za ta zaɓa."

A lokacin na ɗauka maganar launi yake yi. Daga baya na gane lissafinsa: in ta zaɓa, to tana da niyyar dawowa. Tambayar da bakinsa ya kasa yi ce ya ɗora wa fenti.

Ya sa mai fenti ya shafa launukan a kan guntayen katakon silin biyu, ya naɗe su a buhu, ya hau mota zuwa Malam Madori. Da yamma ya dawo babu buhun, fuskarsa a ƙasa. Na kawo masa ruwa na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Na ajiye a gabanta. Ko kallo ba ta yi ba. Ta ce duk ɗaya ne, Allah ya yi albarka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Gwaggo ta ce in daina wahalar da kaina, in zuba buhunan shinkafa a ɗakin."

Ranar tuwonsa haka ya dawo mini, ya ɗan gutsuri gefe kawai. Ni kuwa na zauna ina juya maganar. Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne, kuma shekaru na yi ina sauraron Iya. Na san abu ɗaya game da ita: ba za ta taɓa cewa tana son abu ba, balle a gaban ɗan farinta. Amma in ta ga ana ɓata abu, ba ta iya yin shiru. Sau nawa na ce, "Iya, me za a dafa?" ta ce, "Duk abin da kika dafa." Da na ɗora tukunya kuma sai in ji daga ɗaki, "Wannan daddawar da kika sa, ta mutanen unguwa ce gaba ɗaya?" Neman abu shi ne abin kunya a wurinta. Gyara wa yaro kuskure kuwa aikin babba ne, ba kunya a ciki.

Na nemi izini na ce zan je gaishe ta. Na ɗaure mata busasshen kifi da ɗan yajin da take so, na tafi. Na same ta a inuwar darbejiya tana tsintar wake. Ta rame kaɗan. Da ta gan ni idonta ya yi haske, amma abin da ta ce shi ne, "Wa kika bar wa gidan?" Muka gaisa, na juye mata labarin unguwa kaf, wadda ta haihu, wanda katangarsa ta faɗi, akuyar da ta shiga rijiya. Can na hango guntayen silin nan a jingine a bayan randa, a ƙofar ɗakin da take kwana. Ba a cikin buhu suke ba. An jera su gefe da gefe inda rana take samunsu.

Na yi kamar ban gani ba. Sai da na tashi tafiya ina gyara mayafi na ce, "Af, Iya, na manta. Mun gama shawara. Mai geron nan za a shafa, jibi mai fenti zai fara."

Hannunta ya tsaya a cikin wake. Ta ce, "Wanne?"

"Mai toka-tokan nan."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na fara tafiya. Ban kai zaure ba na ji, "Ke 'yar nan, zo nan." Na dawo. Ta ce, "Wa ya zaɓa?"

"Ni da Malam."

"Na sani ai. Ku biyun ba mai ido a cikinku. Ɗakin da tagarsa ɗaya, ita ma bishiyar maƙwabta ta tare rabinta, shi za ku shafa wa toka? In hadari ya haɗo ai sai ya zama cikin randa. Mutum ya ga ramin allura ta ina?"

Gwaggo da ke tankaɗe a gefe ta ɗago ta ce, "To Iya, ina ruwanki, tunda shinkafa za a zuba a ciki?"

Iya ta harare ta ta ce, "Shinkafar ma ai tana da haƙƙi."

Na danne dariyata na ce, "To sai a shafa mai madarar."

"Na ce miki a shafa? A kan katako ake gane fenti? Sai an gan shi a bangon, a inda zai zauna." Ta kakkaɓe zanenta ta miƙe. "Ɗauko mini mayafina. In je in duba muku in dawo, kafin ku ɓata wa mutane ɗaki."

Gwaggo ta bi mu har bakin titi tana mita. Ta ja ni gefe ta ce, "Ke, na san aikinki ne. Wallahi ke ba ƙaramar 'yar duniya ba ce." Na ce, "Gwaggo, duba bango kawai za ta yi." Ta ce, "Allah ya sa bangon ya sake ta." Amma tana faɗa tana cusa wa Iya ƙullin goro a hannu, idonta ya ciko.

Da ƙaramin ƙunshi ɗaya Iya ta zo, akwatinta da kwanukanta duk ta bar su can, don kowa ya shaida ba dawowa ta yi ba. Yara suka yi mata caa. Ta ture su ta wuce ɗakin kai tsaye, ta tsaya gaban bangon ta riƙe ƙugu. Ta daɗe. Sannan ta ce rana ta riga ta karkata, ba a gane komai yanzu, sai da safe. Muka shigar mata da gado.

Da safe ta ce ai hasken safe ruɗi ne, sai da azahar. Da azahar ta ce tana son ta gani ranar da gari ya yi lumshi. Gari ya yi lumshi, ta ce saura ta gani da hasken ƙwan lantarki, wuta kuwa ta ƙi zuwa. Da aka kawo wutar ta ce wannan ƙwan fari ne da yawa, ba ya faɗin gaskiya. Mai fenti ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma. Rannan ya tsaya a zaure ya ce, "Mama, ni fa fentin zai daskare a bokiti." Ta ce, "Kai da bakinka aka ce ka ce sai an zauna da shi. To zaman nake yi." Ya tafa hannu ya ce, "Na ci kaina," ya tafi yana dariya.

Ni dai daɗi ya ishe ni. Na samu mai sauraron surutuna, yara sun samu mai ba su gyaɗa a ɓoye. Amma na lura da abu guda: ƙunshin nan nata kullum a ɗaure yake a kan gado. In ta ciro zane ta sa, sai ta sake ɗaure shi. Nan na gane dabarata ta kawo ta gida, amma ba ta zaunar da ita ba. Ranar da ta zaɓi launi, aikin da ya kawo ta ya ƙare, kuma ba wanda ya ce mata ta zauna. Shi ya sa take ja. Tsohuwa guda, a ɗakin da ta haifi 'ya'yanta, tana neman dalilin kwana.

Sai Gwaggo ta aiko cewa ranar Juma'a mijinta zai shigo Haɗeja da mota, zai biyo ya ɗauki Iya. Iya ta ce to.

Na tare maigidana a zaure na ce, "Malam, ni na yi iya nawa. Saura kai."

Ya ce, "Me zan ce mata? Ko kallona ba ta yi."

"Ba sai ta kalle ka ba. Kunnenta lafiya lau yake."

"Bakina ba zai iya ba."

Na ce, "To ni ka gaya wa. Ka tsaya inda za ta ji."

Ranar Alhamis bayan la'asar, Iya tana cikin ɗaki a kan tabarma, ni ina zaune a dokin ƙofa ina gyaran zogale, sai ga shi ya zo ya durƙusa a waje, labule ne kawai tsakaninsu. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, har na ɗauka tari ne ya kama shi. Sannan ya kalle ni ya ce, "Ki gaya wa Iya, maganar fenti, ta bar wahalar da idonta. Ko ba a shafa komai ba, ba damuwa."

Na juya na ce, "Iya, wai ya ce..."

Ta ce, "Na ji. Ki ce masa siminti tsirara ba ɗaki ba ne."

Na juyo na ce, "Malam, wai ta ce..."

Ya ce, "Ki gaya mata..." Sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa kamar yaron da aka kama da laifi, mutum mai furfura a gemu. "Ki gaya mata ni ba don bango na sayo fentin ba. Tunda ta tafi, in na fito da asuba na ga ƙofar nan a rufe, ranar ba ta yi mini daɗi. Ki ce ina roƙonta, in mota ta zo gobe, ta bar ta ta koma haka."

Ban isar da wannan saƙon ba. Ban ma iya ba, don hawaye na ɗiga cikin zogale. Can na ji Iya ta ja hanci. Ta ce, "Ke 'yar nan."

"Na'am, Iya."

"Ki ce masa motar ta zo. Wa zai kawo mini akwatina da kwanukana in ba ta zo ba?" Sai ta ƙara da cewa, "Kuma ki ce masa ya dinga cin abinci. Wuyan rigarsa har ya yi masa yawa, ana gani tun daga nan."

Wato duk juya fuskar nan da take yi, tana ganinsa sarai.

Maigidana ya tashi da sauri ya yi waje, wai ya tuna ya bar wani abu a kasuwa, alhali an daɗe da tashi daga kasuwar. Ni kuma na share fuska na leƙa ciki na ce, "To Iya, fentin fa?"

Ta nuna da haɓa ta ce, "Mai geron."

Na saki baki. "Iya! Ba shi kika ce zai mai da ɗaki cikin randa ba?"

"A kan katako na faɗa. A bango ya fi hankali. Wancan mai madarar da hantsi sai ya dinga ƙyalli yana sa mini ruwan ido, da yamma kuma ya yi kamar ya sha hayaƙi. Wannan kuwa yadda ka bar shi haka za ka same shi."

"Tun yaushe kika gane?"

Ta ɗauki allurarta ta ce, "Tun washegarin da na zo. Ke dai tashi ki ɗora tuwo, surutu ya isa."

Aka shafa mai gero. Gwaggo da kanta ta biyo motar da kayan, ta shiga ta kalli bango ta ce ita har yanzu ba ta ga bambancinsa da ɗayan ba, an dai yi mata wayo an ƙwace mata uwa. Iya ta ce ta zauna ta ci abinci ta daina ƙorafi. Sauran mai madarar kuwa ɗakina aka shafa wa, kuma gaskiyar Iya ce, da hantsi sai na saki labule.

Iya ta yi shekarunta a ɗakin nan har Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Har ta rasu ba ta kama sunan ɗanta ba, shi ma bai sake doguwar magana irin ta ranar ba. Ba su bukaci ƙari ba.

Abin da na koya shi ne, kunya abu ce mai kyau, ni ma da ita aka raine ni, kuma ba na so ta ɓace a gidajenmu. Amma takan bar mutum biyu masu ƙaunar juna kowanne a gefensa yana zaton ɗayan ba ya bukatarsa. In Allah ya sa kana tsakanin irin waɗannan, kada ka tsaya ga abin da bakinsu ya furta, ka saurari abin da suka kasa furtawa, ka nema musu hanyar da za su faɗe shi ba tare da sun ji nauyi ba. Kuma in kai ne maganar ta maƙale wa, ka daure ka fitar da ita tun mai jin ta yana da rai, ko da ta bayan labule ne.